Tsakanin Zuciya da Jijiya: Zaɓen Aikin Jinya a Ɗakin Zura Robar Zuciya ga 'Yan Gabashin Sakkwato

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani reshe na aikin jinya da bai daɗe da kafuwa a Nijeriya ba, wato aiki a ɗakin da ake zura siririyar roba ta hanyar jini har zuwa zuciya domin bincike ko magani. An ɗauki ma'aikacin jinya ɗan Wurno ko Rabah ko Goronyo a matsayin madubi, aka bi sawun abin da zai tarar idan ya zaɓi wannan fanni, tun daga horo har zuwa haɗarin aikin da nisan gida. Maƙalar ta tsaya a kan cewa, da yake majinyaci a farke yake lokacin da ake yi masa aikin, kaso mai yawa na jinyar magana ce, alhali Hausar asibiti ba ta riga ta daidaita kalmomin da za a yi maganar da su ba. An nazarci kalmomi huɗu: zuciya da jijiya da roba da tiyata, aka nuna inda kowace ke iya ɓatar da majinyaci.

Fitilun Kalmomi: aikin jinya, zuciya, jijiya, Hausar asibiti, gabashin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Abin da ya haifar da wannan nazari rakiya ce. Na taɓa raka wani kawuna, manomin albasa da tafarnuwa a wani ƙauye na ƙasar Wurno, zuwa wani asibiti a Abuja, bayan an daɗe ana yi masa maganin gyambon ciki alhali ba shi ke damunsa ba. Likita ya yi bayani da Turanci, aka miƙo takardar amincewa, aka ce in fassara. Na ce masa wata jijiya ce ta toshe a zuciyarsa, za a zura roba a buɗe ta. Ya dube ni ya ce: "Kai ɗana, mi za su yi ma zucciyata? Ni ko na san jijiya a ƙafa take ciwo." Daga nan ya tambaya ko yanka shi za a yi. Na ce a'a. Ya ce to ta ina robar za ta shiga? Na yi shiru, domin ni kaina, da digiri biyu a fannin Hausa, ban da jimla guda da zan ɗora masa a kai ya gamsu. Ya dangwala yatsa ne don ya yarda da ni, ba don ya gane ba.

Nazarin magungunan Hausawa ya yi nisa. Lewis Wall ya fitar da littafinsa a kan maganin Bahaushe a 1988, Murray Last ya yi rubuce-rubuce a kan yadda mutanen ƙasar Malumfashi ke kallon cuta da magani, sannan kundin digiri na uku na Aliyu Muhammad Bunza na 1995 ya bi diddigin magungunan malaman tsibbu. Sai dai akasarin waɗannan ayyuka sun fuskanci boka da wanzami da ungozoma da malami. Ma'aikacin jinya na zamani, wanda shi ne Bahaushen da majinyaci ya fi daɗewa tare da shi a asibiti, bai sami irin wannan kulawa ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta dube shi a ɗaya daga cikin ɗakunan da suka fi kowane nisa da duniyar majinyacin ƙauye.

An zaɓi Wurno da Rabah da Goronyo ne saboda sanin ƙasar, kuma ba baƙin ilimin magani ba ne. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can aka binne shi a 1837, kuma daga cikin rubuce-rubucensa akwai na ciwon ido da na basur. Ke nan tambayar yadda za a rubuta cuta a bayyana ta ga jama'a tsohuwa ce a wannan kwari na gulbin Rima.

2.0 Ɗakin da Abin da Ake Yi a Cikinsa

Ba ɗakin tiyata ba ne, ko da yake ya yi kama da shi wajen tsafta da sutura. A tsakiyarsa akwai siririn gado, a kansa kuma wata na'urar ɗaukar hoto mai siffar baka tana kewaya majinyaci, tana nuna cikin ƙirjinsa a allo kai tsaye. Akan kashe zafin fata da allura a wuyan hannu ko a matsematsi, a huda hanyar jini, a zura waya, a bi ta da roba mai kaurin da bai fi na tsinken tsintsiya biyu ba, har ta isa bakin hanyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Sai a fesa wani ruwan rini mai sinadarin aidin, hanyoyin su bayyana a allo kamar saiwar itace. Inda aka ga matsewa, sai a shigar da 'yar balan-balan a hura, a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin. A wannan ɗaki ne kuma ake dasa batirin da ke daidaita bugun zuciya, a toshe wasu ƙofofin da ake haifar yara da su a zuciya, a kuma buɗe marfin zuciyar da ya tsuke.

Tarihin aikin ya fara da ma'aikaciyar jinya. A 1929, a garin Eberswalde na Jamus, wani matashin likita mai suna Werner Forssmann ya nemi gwada zura roba zuwa zuciyar mutum mai rai, shugabansa ya hana. Ma'aikaciyar da ke riƙe da kayan aiki, Gerda Ditzen, ta yarda ta taimaka da sharaɗin a gwada a jikinta. Ya ɗaure ta a kan gado kamar zai yi mata, sai ya kashe zafin hannunsa ya zura wa kansa robar, wadda asali ta hanyar fitsari ce, suka taka tare zuwa ɗakin hoto ya ɗauki shaida. An ba shi kyautar Nobel a 1956 tare da André Cournand da Dickinson Richards. A 1958 Mason Sones ya ɗauki hoton hanyoyin jinin zuciya a Kilibland ta Amurka, a 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe wadda ta matse da balan-balan a Zurik, a 1986 aka fara sa ragar ƙarfe, a 1989 kuma Lucien Campeau na Kanada ya ba da rahoton shiga ta wuyan hannu. Wannan na ƙarshe, kamar yadda za a gani, yana da muhimmanci ga majinyaci Bahaushe fiye da yadda likitocin da suka ƙirƙiro shi suka yi zato.

Ayyukan ma'aikacin jinya a nan sun kasu. Wani yakan wanke hannu ya tsaya kusa da likita yana miƙa waya da roba, wani yana kewaye ɗakin yana ba da magani, wani kuma idonsa na kan allon bugun zuciya da awon jini. Kafin aiki shi ke tabbatar da lafiyar ƙoda, domin rinin na iya taɓa ta, ya binciki ko majinyaci na shan maganin ciwon sukari na metformin ko maganin tsinka jini, ko ya taɓa yin borin jini da rini. Ana cikin aiki zuciya na iya rikicewa cikin daƙiƙu, dole ya gane zanen tun kafin a faɗa masa, ya riga kowa kai hannu ga na'urar farfaɗowa. Bayan an zare robar, shi ke matse wurin hudar, ya riƙa duba ko jini na tsiyaya a ƙarƙashin fata. Duk wannan ana yin sa ne majinyaci na ji yana gani.

3.0 Hanyar Shiga daga Wurno ko Rabah ko Goronyo

Hanyar ba gajeriya ba ce, kuma ba ta da alamomi. Wanda ya tashi a ɗaya daga cikin garuruwan nan yakan yi karatun jinya ne a birnin Sakkwato, ko a kwalejin jiha ko a makarantar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko ya yi digirin jinya na shekara biyar. Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, ita ke ba shi rajista. Bayan wannan sai karatun ƙwarewa na shekara guda zuwa wata goma sha takwas. Mafi kusanci da aikin da ake magana su ne jinyar marasa lafiya masu tsanani, da jinyar gaggawa, da jinyar zuciya da ƙirji wadda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nijeriya da ke Inugu ya yi suna a kai. A wannan asibiti ne aka fara tiyatar buɗe zuciya a Nijeriya a 1974.

Amma sanin ɗakin kansa a cikin ɗakin ake samunsa, wata da watanni ana tsaye bayan wanda ya iya. Irin waɗannan ɗakuna kuwa sun fi yawa a Legas da Abuja, da yawansu na asibitoci masu zaman kansu ne. Manyan asibitocin ƙananan hukumomi irin na Wurno da Rabah da Goronyo ba don wannan aka gina su ba, kuma ba aibi ba ne, domin ɗakin yana buƙatar wutar lantarki marar yankewa, da injiniyan na'ura, da likitan da ke yin aikin a kai a kai don kada hannunsa ya mutu. Saboda haka duk wanda ya zaɓi wannan fanni ya zaɓi barin gida, aƙalla na wasu shekaru. Shawarar da ta fi dacewa da shi ita ce kada ya yi tsalle. Ya fara zama a sashen gaggawa ko na kulawa ta musamman har karanta zanen bugun zuciya ya zame masa kamar karatun allo, sannan ya nemi ɗakin.

4.0 Matsalar Kalma

A nan ne aikin ya shafi masu nazarin Hausa kai tsaye.

4.1 Zuciya

A bakin likita zuciya tsoka ce mai harba jini. A bakin Bahaushe ta fi haka. Ita ce mazaunin fushi, shi ya sa ake cewa wane ya yi zuciya ko yana da saurin zuciya. Ita ce mazaunin himma, wanda ya rasa ta a ce zuciyarsa ta mutu. Ita ce ma'ajiyar sirri, har aka ce zuciyar mutum birninsa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗalibin zaure da ya karanta hadisi na shida na Arba'una ya san ta a matsayin tsoka da kuma mazaunin gyaruwa da ɓaci lokaci guda. Don haka idan aka ce wa dattijo yana da ciwon zuciya, ba mamaki ya ji cewa baƙin ciki ya yi masa yawa, ya fara lissafin wanda ya ɓata masa rai. Mace kuwa da aka faɗa wa haka a gaban dangin miji, maganar na iya komawa gida a matsayin tuhuma ga mijin ko ga kishiya.

Akasin haka ma yana faruwa. Mai toshewar hanyar jini ba kasafai yake cewa zuciyarsa ke ciwo ba. Yakan ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ko wani abu ya tokare shi, ko ƙwannafi ya dame shi, ko haki yake yi in ya ɗauki fartanya. Faɗuwar gaba na iya zama tsoro, tana kuma iya zama rikicewar bugu. Jimlar bugun zuciya kanta ta zama mai harshen damo a kafofin watsa labarai, wani lokaci ana nufin harbawar da kowane mai rai ke da ita, wani lokaci ana nufin cutar da ke kisa farat ɗaya. Ma'aikacin jinya da ya tashi da waɗannan kalmomi yana jin bambancin da baƙo ba zai ji ba. Yana kuma jin Sakkwatanci, inda zuciya take zucciya, me take mi, ya tafi take yat tahi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho mai jin tsoro da ke kwance a ƙarƙashin na'ura.

4.2 Jijiya

Kalmar da ta kayar da ni a Abuja ke nan. Jijiya a Hausa ta haɗa hanyar da ke kai jini, da wadda ke dawo da shi, da zaren da ke ɗauke da ji da motsi, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, har da saiwar itace. Ilimin likita ya raba huɗun farko da sunaye dabam dabam, kuma bambancin yana da sakamako. Wadda ake ɗibar jini ko ƙarin ruwa a cikinta, auduga da ɗan matsi sun isa su tsayar da ita. Wadda ake hudawa a ɗakin zura roba kuwa ita ce mai harbawa, in ta ɓalle jini feshi yake yi. Majinyacin da aka ce masa kawai an huda jijiya zai auna abin da ƙarin ruwan da ya sani, ya kwance abin matsin, ko ya lanƙwasa ƙafa ya tashi yin alwala.

Ina ganin mafita ba ƙirƙirar sabuwar kalma daga sama ba ce. Hausa ta riga ta tanadi rabin hanya da jijiyar jini. Abin da ya rage shi ne a ƙara siffa: jijiyar jini mai harbawa da jijiyar jini mai kwanciya, domin kowa na iya taɓa wuyan hannunsa ya ji ta farkon. Ga mutanen wannan yanki akwai ma misalin da ya fi kowane kusa. Wanda ya yi noman rani a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo ko a fadamar Wurno ya san babbar hanyar ruwa da ƙananan da ke shiga fangali, ya san yadda laka ke cushe ɗaya, shukar da ke ƙarshenta ta yi yaushi alhali ta kusa da ita tana kore. Da na ce wa kawuna zuciyarsa gona ce mai hanyoyin ruwa uku, ɗaya ta cushe, za a bi ta ciki a yashe ta, da ya gane nan take. Wannan jimla ta zo mini ne a mota, muna hanyar komowa.

4.3 Roba da Tiyata

A Hausar asibiti roba ta riga ta sami ma'ana. Idan aka ce an sa wa mutum roba, abin da ke zuwa a rai shi ne robar fitsari ko ta hanci, kuma ga mutane da yawa alama ce ta cewa ciwo ya yi nisa. Na riƙe kalmar a wannan maƙala ne domin ita mutane suka sani, amma tana buƙatar bayani biyu a duk lokacin da aka furta ta: cewa siririya ce ƙwarai, kuma za a zare ta kafin a bar ɗakin. Abin da ke zama a jiki ragar ƙarfe ce, ita ma sai an faɗa cewa ba ta tsatsa kuma ba a komawa a cire ta.

Tiyata kuwa, ko aiki kamar yadda aka fi faɗa, tana ɗauke da wuƙa da allurar barci da ɗinki. In aka kira wannan tiyata, an tsorata majinyaci fiye da kima, wani ma ya ƙi. In aka ce ba aiki ba ne, hoto ne kawai, an yaudare shi, domin akwai haɗarin zubar jini da taɓuwar ƙoda da shanyewar jiki, har da mutuwa, ko da yake ba su da yawa. Amincewar da aka gina a kan ɗayan waɗannan biyu ba amincewa ba ce. Ga kuma gajerun umarnin da ake bayarwa ana cikin aiki: ja numfashi ka riƙe, yi tari da ƙarfi, za ka ji ɗumi ya ratsa ka, kada ka motsa hannu. Tarin nan ba wasa ba ne, akan buƙace shi ne a lokacin da bugu ya yi sanyi. Babu lokacin kiran ɗan rakiya daga waje ya fassara, kuma ba a barin sa ciki saboda hasken na'ura.

4.4 Kunya da Halal

Abubuwa biyu sun rage da ba na ƙamus ba ne amma da harshe ake warware su. Na farko al'aura. Shiga ta matsematsi na buƙatar aski da buɗe wurin da dattijo ko matar aure ba su saba buɗewa gaban baƙi ba, sannan a kwanta a miƙe sa'o'i da dama, har fitsari a kan gado. Shiga ta wuyan hannu ta rage wannan ƙwarai, amma akan shirya matsematsin duk da haka saboda ko-ta-kwana. Wanda ya san nauyin kunya zai san ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan rufe ka, wurin nan kaɗai za a gani," ya kuma nemo mace ga mace in da hali.

Na biyu, maganin tsinka jini na heparin da ake bayarwa a kusan kowane irin wannan aiki, akasarinsa daga hanjin alade ake tace shi. Malaman fiƙihu na zamani sun tattauna irin wannan a ƙarƙashin babin larura da na rikiɗewar abu daga asalinsa, da yawansu sun sauƙaƙa. Duk da haka majinyacin da ya tambaya ya cancanci amsa ta gaskiya daga wanda ya san dalilin tambayar. Haka batun azumi: wanda aka sa wa raga yakan sha asfirin tare da wani magani kamar clopidogrel na wata shida zuwa shekara, in ya yanke jini na iya daskarewa a cikin ragar. Dole a tsara masa shan maganin tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma faɗa masa cewa jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne.

5.0 Abin da Ake Biya

Mai sha'awar fannin ya kamata ya san farashinsa. Na farko hasken na'urar hoto, wanda ba a gani ba a ji amma yana taruwa a jiki. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta iyakance wa ma'aikaci milisibat 20 a shekara in aka daidaita a kan shekara biyar, kuma tun 2011 aka saukar da iyakar ƙwayar ido zuwa wannan adadi saboda yanar ido. A Nijeriya Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ce ke sa ido. Kariyar ita ce rigar dalma da abin wuya da tabarau, da ɗan ma'aunin da ake maƙalawa a riga, da kuma nisa, domin wanda ya ninka tazararsa ya rage abin da ke isa gare shi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Rigar kanta tana da nauyin kilo da dama, tsayuwa da ita yini guda na cin baya da gwiwa. Kafin mutum ya karɓi aiki a wani ɗaki, ya tambaya ko ana ba da ma'aunin, kuma ko ana karanta shi.

Ga mace akwai ƙarin lissafi. Ciki ba ya hana aikin, amma iyakar abin da aka yarda ya isa ga ɗan tayi milisibat 1 ne daga lokacin da aka sanar da cikin. Ka'idar ta dogara ne a kan sanarwa da wuri, alhali al'adarmu ta ɓoye ƙaramin ciki ce, musamman na fari. A nan kunya na iya cutarwa. Ga kuma kiran dare, domin toshewar hanyar jini ba ta jiran gari ya waye, kuma ba kowane miji ko uba ke sakin jiki da fitar mace ƙarfe biyun dare a garin da ba nasu ba.

Abin da ake samu shi ma a bayyane yake. Ƙwarewa ce da ake nema a ko'ina, har a Ingila da Saudiyya, kuma aiki ne da ake ganin sakamakonsa a take, mutum ya shigo yana gumi ya fita yana magana. Wannan buƙata ta waje ita ce ta sa Majalisar Jinya ta fitar da sanarwa a watan Fabrairun 2024 cewa sai ma'aikaci ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu don fita, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas.

6.0 Wa Aka Bar wa Ƙauye?

Akwai ƙorafin da ba za a kauce masa ba. Ciwon zuciyar da ya fi cika gadajen asibitocin Arewa ba toshewar hanyar jini ba ce. Gazawar zuciya ce da hawan jini ya haifar, da lalacewar marfin zuciya bayan ciwon maƙogwaro na yarinta, da kumburin zuciyar masu jego. Wannan na ƙarshe tun a 1978 Davidson da Parry suka yi rubutu a kansa daga Zariya, suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta. Binciken Isezuo da Abubakar a Sakkwato a 2007 ya sami mace ɗaya cikin kowace haihuwa 102 a asibitin da suka yi nazari, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Ayyukan Kamilu Karaye da abokan aikinsa daga Kano sun rage nauyin da aka ɗora wa al'ada, suka karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Mafi yawan waɗannan majinyata ba roba suke buƙata ba. Awon jini suke buƙata, da ƙwayoyi masu araha, da wanda zai ce wa mai jego kumburin ƙafa da hakin nan ba sanyi ba ne. Duk ma'aikacin da ya bar Rabah zuwa Abuja, an rasa mai faɗar wannan.

Ƙorafin gaskiya ne, amma bai rufe magana ba. Marfin zuciyar da ya tsuke, wanda ke kama 'yan mata ya tsananta lokacin ciki, a wannan ɗaki ake buɗe shi da balan-balan ɗin da Kanji Inoue na Japan ya ƙirƙiro, ba tare da an tsaga ƙirji ba. Hawan jini da ciwon sukari kuma suna ƙara yawan masu toshewar hanyar jini, ko an gano su ko ba a gano ba, kamar yadda aka daɗe ana yi wa kawuna maganin gyambo.

Sai dai lokaci. Ƙa'idar aikin ita ce a buɗe hanyar da ta toshe cikin minti 90 da isowa asibiti, in kuwa isa ɗakin zai wuce minti 120, a ba da allurar narkar da gudan jini a inda ake. Ko a ce ɗakin na cikin birnin Sakkwato, mutumin da ciwo ya kama da dare a wani ƙauyen Goronyo sai ya nemi babur, ya kuma auna hanyar da 'yan bindiga. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Rabah da Goronyo, a watan Oktoba kuma aka kai hari kasuwar Goronyo aka kashe mutane da dama. A irin wannan hali minti 120 ba lissafin da ake cikawa ba ne. Abin da zai ceci mutumin shi ne ma'aikacin da ke asibitin farko: ya ji ana cewa ƙirji ya yi nauyi ya ƙi sallamar sa da maganin ƙwannafi, ya ɗauki zanen bugun zuciya cikin minti goma, ya ba shi asfirin ya tauna, ya tura hoton zanen ta waya ga wanda zai karanta. Mai karantawar a ɗaya ɓangaren zai iya zama ɗan garinsu da ya tafi ɗakin zura roba, wanda ya san hanyar Wurno zuwa Sakkwato da damina, ya san kuma abin da dangi za su sayar kafin su tara kuɗin.

Majinyacin da aka sa wa raga gida zai komo, inda babu wanda ya taɓa ganin ragar. Kawuna ya komo da takardar sallama shafi biyu da Turanci. Bayan wata uku na tarar ya ajiye ɗaya daga cikin ƙwayoyin, domin mai kemis ya ce masa duk aikinsu ɗaya ne, gara ya rage kashe kuɗi. Na zauna na rubuta masa sunayen magungunan da ajami a bayan kwalin, da lokacin shan kowane, da abin da zai faru in ya bari. Kwalin yana rataye a ɗakinsa kusa da tasbaha, kuma ya ce mutum biyu daga ƙauyukan maƙwabta sun zo sun kwafa.